Kukan da ake ji a kujerar baya

Uwargidana ce ta fara jin kukan. Wata ranar kasuwa muna dawowa daga Malanbil zuwa gida Madekali, tana baya ita da yara, sai ta ce, "Malam, wai mene ne yake kuka a ƙarƙashin kujerar nan kamar sauro?" Na rage rediyo, na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙarar taya da iska. Na ce mata ai tsohuwar mota ba ta rasa kuka, ranar da ta yi shiru ma ranar ce abin tsoro. Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Wajen ƙarshen daminar 2023 ke nan.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, famfon mai na irin motata a cikin tanki yake, tankin kuma a ƙarƙashin kujerar baya. Wato direba shi ne na ƙarshe da zai ji. Mata da yara da muke zubawa a baya, a kansa suke zaune.

Ga wanda bai san wajenmu ba, Madekali gari ne a ƙarƙashin Malanbil, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, kusa da Kogin Kwara. In ka nufi Malanbil ka hau gada, ka faɗa Gaya ta Nijar. In ka yi gabas kuma, kafin ka gaji ka isa iyakar Najeriya, ɓangaren jihar Kebbi. Dendawa ne masu gari, ga Fulani, ga Zabarmawa, ga mu Hausawa da fatauci ya kawo iyayenmu. Mahaifina daga Argungu ya zo, ya fara da busasshen kifi, ya koma albasa, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Ni ma albasa da shinkafa nake yi, daga gonakin fadama zuwa kasuwar Malanbil, wani lokaci har Kandi da Paraku. Motata 'yar Kwatano ce mai dogon baya, ita ce shagona, ita ce jakina, ita ce kuma motar asibitin unguwarmu in dare ya yi.

Ilimin mota da nake taƙama da shi a hannun mahaifina na samo, a jikin tsohuwar 504 ɗinsa mai kafireta. Ita waccan, famfonta a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi. In ya lalace a daji, Baba zai ɗaura jarka a saman mota, ya zura tiyo zuwa kafireta, mai ya riƙa gangarowa da kansa, mu iso gida muna warin fetur. Na tashi da tunanin cewa famfon mai ƙaramin abu ne, ba ya hana mutum kwana a gidansa. Ashe motocin da muke hawa yanzu wani jinsi ne daban. Ba su da kafireta, injekta suke da shi, shi kuma injekta ba ya shan mai sai an turo masa da ƙarfi. Ƙaramin famfo ne na lantarki, bai fi gwangwanin madara tsawo da yawa ba, yake wannan turin daga cikin tanki. Jarka a saman mota ba ta yi mata komai.

Sai ga shekarar 2023 ta zo mana da abubuwa biyu a jere. Ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500. Mu nan da man Najeriya muke rayuwa, wanda ake tsallakowa da shi a jarkoki a sayar a kwalabe bakin titi, mutanen kudu suna ce masa kpayo. Cikin kwanaki kaɗan kwalba ta yi tsalle. Kafin mu farfaɗo, ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, aka sa takunkumi, aka toshe gadar Malanbil da Gaya. Tireloli suka yi layi a kan titi, mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Ciniki ya faɗi warwas.

A wannan hali na koyi wata ɗabi'a da nake jin da yawanmu mun koya: sayen mai daidai tafiya. Zan je Malanbil, kwalba biyu. Zan dawo, kwalba ɗaya da rabi. Fitilar mai da ke gaban direba ta kunnu tun watan Yuli, kuma ban ƙara ganinta a kashe ba sai bayan azumi. Har wasa nake yi da ita, ina cewa ita ce fitilar ado ta motata.

Bayan kukan sauro, abu na biyu da ya zo shi ne nauyin tashi da safe. Motar da a da ko ka taɓa makulli ta kama, sai ta koma sai na yi kik sau biyu, sau uku, tana juyawa tana juyawa kafin ta kama. Da yake lokacin hunturu ya shigo, na ce sanyi ne. Da sanyin ya wuce ba ta daina ba, na ce batir ne, na kai aka yi masa caji. Wani yaron gareji ya koya mini dabara: in murɗa makulli har fitilu su kawo, in dakata, in kashe, in sake, sau uku, sannan in yi kik. Na gwada, ta tashi nan take. Na ji daɗi, na ba shi na shayi. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa dabarar ta yi aiki ba. Daga baya na gane cewa duk murɗawa ɗaya famfon yana tashi na kamar daƙiƙa biyu ya cika tiyo da mai. Lafiyayyen famfo yana riƙe man a cikin tiyo har gari ya waye, saboda akwai ɗan bawul a jikinsa da ke hana shi komawa tanki. Nawa ya daina riƙewa. Dabarar nan da na biya kuɗin shayi a kanta, ita kanta shaida ce a kan famfon.

Na uku shi ne wanda ya kamata ya tsorata ni. In motar ba kaya, lafiya lau. Amma in na loda albasa, na hau titin Kandi, na zo ɗan hawa ko na taka totur zan wuce babbar mota, sai ta cije. Kamar mutum ya zo tashi da buhu a ka, gwiwarsa ta ƙi. Wani lokaci ta fizga sau biyu, ta yi tari, sannan ta saki. In na sassauta ƙafa sai ta daidaita. Na ce fulogi ne, na canza fulogi. Na ga kamar ta ɗan yi sauƙi, ko kuma dai raina ne ya so ya ga haka. Da ta dawo da halinta na ce ai man da na saya jiya ne ba kyau.

Kun ga yadda abin yake. Kowace alama sai na samo mata dalili mai araha. Sanyi ba a biyansa, cajin batir kuɗi kaɗan ne, fulogi ma haka. Famfo kuwa na san kuɗi ne masu kauri, shi ya sa tunanina ya riƙa kewaye shi kamar yadda mai bashi ke kewaye ƙofar shagon wanda ke binsa.

Da zafi ya shigo a watan Maris na 2024, muna cikin azumi, sai ta fara mutuwa. Ba kullum ba. In na yi doguwar tafiya da rana, na tsaya a shingen 'yan sanda ko a bakin kasuwa, sai ta mutu, ta ƙi tashi. In na bar ta minti ashirin ko talatin a inuwa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku ta yi mini haka. Uwargida ta sake magana, ta ce kukan nan fa yanzu ya wuce sauro, ya zama kamar injin markaɗe daga nesa. Na ce mata bayan Salla zan kai ta a duba. Na kuwa yi niyya, Allah ya sani. Amma bayan Salla akwai biki.

Ƙanwarta ce za a aurar a Paraku. Mahaifiyarsu ta rasu tun yarinyar tana ƙarama, uwargidana ce ta raine ta har ta kai aji shida kafin kawunsu ya ɗauke ta. Saboda haka ita ce uwar amarya, ita ake jira daren lalle. Ta so ta tafi tun kwana uku kafin nan a motar haya, ni na hana. Na ce ga mota a gida, a kan me za mu biya kuɗin mutum huɗu da kaya? Kuma wani abokin cinikina ya ba ni buhunan albasa in sauke masa a Kandi, kuɗin dakon zai biya man tafiyar. Lissafi ya fita tsaf.

Jiran albasar nan ya sa ba mu bar Madekali ba sai bayan azahar, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya. Duk wanda ya yi Afrilun 2024 a yankin nan zai tuna zafin. Buhuna a sama, buhuna a baya, akwatunan gudummawa, uwargida da yara uku. Na sa kwalba biyar, na ce in mun isa Kandi na karɓi kuɗin dako sai in ƙara.

A Gene muka tsaya sayen ruwa, ta mutu. Na buɗe bonet don mutane su ga kamar ina wani abu. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce a hankali, yadda yara ba za su ji ba, "Malam, don Allah ka sa mu a motar haya daga nan. Kai ka lallaɓa da ita." Na ce mata ai na san halinta, hutawa kawai take so. Bayan rabin sa'a ta tashi, na kalli uwargida ta madubi da irin kallon nan na "ba na faɗa miki ba". Ba ta ce komai ba.

Mun wuce Gungun, na tarar da tirela tana tafiya kamar hawainiya. Na leƙa, na hango wata babbar mota tana tahowa amma da nisa, na ga zan wuce. Na fita, na taka. Na kai daidai tsakiyar tirelar sai motar ta cije, ta fizga sau ɗaya, fitilun gabana duka suka kawo. Inji ya mutu.

Akwai abin da nake so kowane direba ya sani kafin ranar ta zo masa. In inji ya mutu kana cikin tafiya, sitiyari yana yin nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu kawai zai ba ka da laushinsa, daga nan sai ya zama kamar kana taka dutse. Yana kamawa, amma sai ka sa ƙarfinka duka. Ni ban sani ba. Na taka, na saki, na sake takawa, na ji ya ƙage. Mai tahowa yana ta danna hon yana walƙa fitila. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, nauyin albasar da ɗan hawan da muke kai ne suka rage mana gudu, tirelar ta zarce, na murɗa sitiyari da hannu biyu na koma bayanta, muka gangara gefen titi. Iskar babbar motar ta girgiza mu da ta wuce. Autana ya ɗauka wasa ne, yana dariya. Babbar 'yata kuwa, mai shekara goma sha ɗaya, ta gane, ta riƙe hannun uwarta tana karanta duk addu'ar da ta iya.

Inda muka tsaya bai da nisa da Alfakwara, gefen dajin W. A da in an ce Alfakwara giwaye ake tunawa. Tun hare-haren da aka kai cikin dajin a watan Fabrairun 2022, ba mai son magariba ta same shi a tsaye a wannan yanki, balle da iyali. Na jira minti talatin kamar yadda na saba, na yi kik, shiru. Na ƙara talatin. Rana ta yi ja. Motoci suna wucewa, ba mai tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ba zan tsaya ba.

Wanda ya tsaya wani dattijo ne direban babbar mota, Bazabarme, da shi da yaron motarsa. Bai tambaye ni dogon labari ba. Ya ce kowa ya yi shiru, ya buɗe murfin tanki ya kara kunnensa, ya ce, "Murɗa makulli, kada ka yi kik." Na murɗa. Ya girgiza kai. Ya ce lafiyayyen famfo in an murɗa makulli sai ka ji ya yi "zzz" kaɗan ya tsaya, nawa ko tari bai yi ba. Ya duba fiyus, lafiya. Ya sa yaronsa ya kwanta ƙarƙashin mota da guntun katako, ya ce ya bubbuga gindin tankin daidai lokacin da nake kik. A bugu na huɗu ko na biyar ta kama. Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan ba gyara ba ne, roƙo ne. Kada ka kashe ta, kada ka taka ta da ƙarfi, kada ka wuce kowa. In ka ga gari, ka sauke iyalinka." Na ciro kuɗi, ya ture hannuna.

Roƙon ya kai mu Angaradebu. Nan ta mutu bayan isha'i, mutuwar da bugu bai tayar ba. Wani gida kusa da masallaci suka karɓi uwargida da yara, Allah ya saka musu da alheri, ni na kwana a mota ina gadin albasar mutane. Wajen ƙarfe goma na ji wayarta tana ta ƙara daga cikin gidan, na san daga Paraku ne. Na ji muryarta tana cewa, "Ku yi haƙuri, ku sa mata lallen, kada ku jira ni." Ban taɓa jin dare mai tsawon wannan ba.

Da safe na sa su a motar haya, abin da ta roƙe ni tun a Gene, tun ma a gida. Ni kuma aka ja ni da igiya zuwa Kandi.

Makaniken da aka kai ni wurinsa wani dattijo ne Bayarabe da ya daɗe a garin, yana jin Hausa da Dendi. Alhaji yake ce mini, ko da yake ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba. Abin da ya fara burge ni da shi, bai taɓa famfon ba sai da ya tabbatar. Ya ce abubuwa da yawa suna kwaikwayon mutuwar famfo, kuma ya ga mutane da dama sun sayi sabo a banza. Ya sake duba fiyus. Ya ciro rile na famfon, ya musanya shi da wani irinsa daga cikin akwatin fiyus, ba canji. Sannan ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani faifan ƙarfe, ga kan famfon nan da wayoyinsa, daidai inda uwargida ke zama. Ya sa fitilar gwaji a wayar, na murɗa makulli, fitila ta kawo. Ya ce, "Ka gani, Alhaji? Wuta tana zuwa, shi ne ba ya amsawa." Sai a lokacin ya yanke hukunci.

Kafin ya buɗe tankin ya cire kan batir, ya kori wani yaro da ke riƙe da sigari, ya sa mai shayin da ke kusa ya janye murhunsa. Ya ce tankin da ba mai sosai ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke kamawa.

Da ya zaro famfon na ji kunya. A gindinsa akwai 'yar jaka ta raga mai tace mai, wadda ya ce fara ce tana sabuwa. Tawa ta zama kamar an tsoma ta a kunun kanwa, ja-ja, baƙi-baƙi, ta toshe. Ya haska cikin tankin da tocila, ga laka, ga tsatsa, ga ruwa kwance a ƙasa yana sheƙi. Ya tambaye ni yaushe rabon da in canza filtar mai. Na ce tun da na sayi motar ban san ma inda take ba. Ya ce nawa nake sa mai. Na faɗa masa. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce rabin motocin da ake jawo masa tun bara labarinsu ɗaya.

Ga yadda ya bayyana mini, kuma na riƙe. Famfon nan ƙaramin inji ne na lantarki da ke juyawa tun daga lokacin da ka tayar da mota har ka kashe. Ba shi da fanka, ba shi da lagireto. Man da ke ratsa cikinsa da wanda yake nutse a ciki, shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke sa masa santsi. In tanki kullum a ƙasa yake, ɗan man da ke ciki yana saurin ɗumama, kuma duk ramin da ka faɗa ko kwanar da ka sha, man ya kau gefe, famfon ya zuƙi iska. In kuma raga da filta sun toshe, yana turi ne kamar mai hura balan-balan da aka ɗaure wa baki, yana jan wuta fiye da ƙima, yana zafi, gawayin da ke cikinsa yana cinyewa. Kukan da ake ji a baya, kukan wahala ne. Cijewa a hawa kuwa, lokacin ne inji ke neman mai da yawa, famfon ya kasa kawowa. Mutuwa in ya yi zafi da tashi in ya huce, alamar ya kusa ne. Bugun tanki kuma girgiza gawayin kawai yake yi ya taɓa inda ya kamata, sau ɗaya ko biyu.

Na ce masa, to da na zo tun lokacin kukan fa? Ya ce da zai sa agogon awo a tiyon mai ya ga ƙarfin turin. Irin motata wajen bar 3 take so. In ya ga ya gaza, zai fara da filta da raga da wanke tanki, wataƙila famfon ya ƙara shekara, wataƙila kuma a canza shi, amma a gareji, da rana, ba iyali a ciki. Ya ƙara da cewa ba duk motar da ke mutuwa da zafi ce famfo ba. Akwai wata na'ura a jikin inji mai gaya wa kwamfutar mota juyawar inji, ita ma in ta tsufa haka take yi, kwayil ma haka. Shi ya sa awo ya fi zato. Kuma motar gas, wato dizal, nata tsarin daban ne, kada in ɗauki wannan karatun in kai can.

Sai ya tambaye ni, "Wa ke zama a baya?" Na ce iyali. Ya ce, "Ba su ce maka komai ba?" Na sunkuyar da kai ina duba ragar nan kamar akwai abin karantawa a jikinta.

Wajen sayen sabo ma akwai magana. An kawo mini iri uku: sabo mai araha a kwali mai ƙyalli, na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai tsada. Zuciyata ta tafi wurin na farko, kun dai san hali. Dattijon ya ce shi ba zai hana ni ba, amma in na sa mai arahar in riƙe lambar wayarsa da kyau. Na Beljiyam kuma sa'a ce, ba ka san shekara nawa ya yi yana aiki ba. Na kira wani ɗan'uwa a Malanbil ya turo mini rance ta waya, na sayi mai tsadar, da sabuwar raga da filta, aka sauke tanki aka wanke. Da aka haɗa, ya sa agogonsa, allura ta hau ta tsaya cak, ya kashe motar, allurar ba ta sauka ba. Ya ce in sa kunne. Na murɗa makulli, na ji "zzz" siriri, ya tsaya. Wata tara ina tuƙa motar nan da rediyo a kunne, ban taɓa sanin tana da wannan muryar ba.

Ba na son a karanta wannan a ce na zagi masu sayar da mai a kwalba. Maƙwabtana ne, wasu 'yan'uwana ne, da shi suke ciyar da gidajensu, kuma a garuruwa irin namu in ba su, da yawa ba za su motsa ba. Dattin ba daga niyyarsu yake ba, daga hanyar man yake: jarkar da aka yi shekara ana zubawa ana juyewa, kwalekwale, ruwan sama, ƙurar hunturu, mazurarin da ke kwana a ƙasa. Har yanzu a wurinsu nake saye. Abin da ya canza, mutum ɗaya na riƙe, wanda na ga yana rufe jarkokinsa. Ina ɗaga kwalba in duba ta a rana, domin ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a gindi kamar ƙwallo. Ina da ƙyallena mai tsabta da nake shimfiɗawa a mazurari, kuma ba na yarda a juye mini ɗigon ƙarshe. Allurar mai kuma ba na barinta ta sauka ƙasa da kwata. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, don sai da na daure na cika tanki sau ɗaya da kuɗin da nake ganin na jari ne. Amma daga nan, kwalba biyun da nake saye a da, su dai nake saye, sai dai yanzu a kan mai suke sauka.

Albasar abokina ta yi kwana da yini a rana, buhunan sama suka fara ruɓa. Mun raba asarar, kuma tun daga nan bai sake ba ni dako ba, ko da yake muna gaisawa. In na haɗa famfo, da jan mota, da motar hayar da na guje wa tun farko, da rabin albasa, na biya abin da ya ninka kuɗin filta da awo sau da yawa, har na daina lissafawa.

Na isa Paraku washegarin ɗaurin aure. Uwargida ta samu kai amarya kawai, lalle kuwa matar kawunsu ce ta tsaya a matsayin uwa. A gaban mutane ba ta nuna mini komai ba, ta kawo mini abinci, ta tambayi mota. A hanyar dawowa, mun wuce Alfakwara, yara sun yi barci, na ce mata, "Ki yafe mini." Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, "Na yafe, Malam. Amma yarinyar nan sau ɗaya za a sa mata lallen fari." Muka yi shiru har Gene.

A can na tsaya na sa mai. Da na dawo na zauna, kafin in yi kik na murɗa makulli, na juya baya na ce, "Me kika ji?" Ta ɗan karkata kai, ta saurara, ta ce, "Lafiya lau. Mu je."